Rijiyar Ɓaure da Mangwaron Alhaji Ɗanlahadi

Sunan garin Rijiyar Ɓaure, amma baƙon da ya sauka daga motar Ƙanƙara ya ce a nuna masa rijiyar ko ɓauren, sai dai a nuna masa wurin zama. Babu rijiya, babu ɓaure. Tsofaffi sun ce a zamanin kakanni agana ta shigo garin, mutane suka watse, wasu Ketare, wasu Pauwa, wasu har Sabuwa. Kafin su tashi suka jera azara a bakin rijiyar, suka bi ta da ƙasa, don kada dabba ko makiyayi ya rufta. Da 'ya'yansu suka dawo bayan shekaru, ɓauren ya faɗi, gara ta cinye kututturen. Kowa ya kafa gidansa inda ya ga dama a gindin dutsen garin. Suna ya zauna, ruwa ya ɓata.

To, da damina ba wanda ke tuna zancen. Da rani ne ake tunawa, lokacin da mata da 'yan mata ke bin hanyar rafi da jarkoki tun da sanyin safiya, su tona yashi su jira ruwa ya tsatso. An taɓa haƙa rijiya a gari aka ci karo da dutse, aka koma wani wuri aka sake cin karo da shi. Masu burtsatse ma sun zo da motarsu, sun yi ƙara sun yi ƙura, suka tafi suka bar bututu a tsaye, yara na ɗaure awaki a jikinsa.

Abu ɗaya ne a garin nan bai san rani ba, shi ne mangwaron Alhaji Ɗanlahadi.

Alhaji Ɗanlahadi tsohon ɗan kasuwar hatsi ne. Ya yi yaron mota, ya yi direba, ya sayi masara a Faskari ya sayar a Kudu, ya ga jirgin ruwa da idonsa, ya je Makka ya dawo. Bai yi boko ba, amma in ana gardama a kan yadda duniya take, shi ake bari da maganar ƙarshe, ba don kullum yana da gaskiya ba, sai don ya fi kowa juriya. Tun yana da sauran baƙin gashi ya zo da ɗan dashen mangwaro ɗan aure daga wata tafiya, a cikin gwangwanin manja. Ya dasa shi a bayan gidansa, kudu da dutse, a wani ɗan kwari da ya ga ƙasar wurin ta fi laushi. Itacen ya girma ya yi rassa kamar rumfar kasuwa. A tsakiyar rani, lokacin da ko darbejiya ta yi yaushi, ganyensa na ƙyalli kamar an shafa masa mai. Alhaji ya kewaye shi da darni, ya sa ƙyaure. In ya nuna, shi ke tsinka da hannunsa, shi ke rabawa, kuma yana kallon fuskar wanda ya ba har sai an yaba.

In aka tambaye shi sirrin, sai ya buɗe tafin hannunsa ya nuna.

“Hannu ne. Wani in ya dasa taɓarya ma sai ta yi ganye. Wani kuwa ko a cikin kogi ya dasa rama, sai ta mutu da ƙishi.”

Kowa ya san da wa yake. Da Malam Lawwali yake, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda gonarsa ke gabas da dutse. Tun suna yara suke tsokanar juna, har suka tsufa ba a raba su ba, ba su kuma shirya ba. Malam Lawwali ya dasa mangwaro ya gaji, duk sun bushe. Abin da ya rage masa na alfahari shi ne wani yanki na gonarsa da yake zuba wa taki duk shekara, inda masararsa ke fin ta kowa. Shi kuma in an kawo masa mangwaron Alhaji, sai ya sha ya tsotse ƙwallon tas, sannan ya ce da ɗan tsami.

Ana nan sai ga saƙo a wayar Alhaji daga Lauratu, ɗiyar ƙaninsa. Ita malama ce a Katsina, ilimin taswira ta karanta shi take koyarwa, kuma ta ɗauki aikin binciken tsofaffin garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda suke a da da inda suka koma. A gidan adana tsofaffin takardu a Kaduna ta ci karo da wani zane da malamin hakimi ya yi da tawada, tun kafin garin ya watse. Ta ɗauki hotonsa ta turo, ta biyo shi da saƙon murya.

“Baba, ga garinmu na da. Akwai rijiyar a ciki. Amma don Allah kada a yi komai sai na zo na ɗora shi a kan hoton sama. Zanen hannu ne, sai an bi shi a hankali.”

Alhaji ya ji farkon saƙon da kyau. Ƙarshen ne bai shige shi ba.

Ya zauna a inuwar mangwaronsa ya sa tabarau, ya ƙura wa wayar ido. Zanen ya dushe, amma ga dutse nan a tsakiya, ba mai musu. A hannun dama da dutsen ga wani ɗan da'ira, an rubuta rijiya da ajami a gefensa, wannan kam ya iya karantawa. Sauran ɗige-ɗigen bai kula su ba. Shi da ya yi shekaru yana ganin taswira manne a ofishin tasha, ya san ƙa'ida: saman takarda arewa ne, ƙasa kudu, dama gabas. Ya ɗaga kai ya dubi dutse, ya dubi gabas. Murmushi ya fara daga gefen bakinsa har ya kai kunne.

Hajiya Suwaiba, matarsa, tana tankaɗe a bakin ƙyaure. Ta dube shi ta ce, “Alhaji, wannan dariyar ba ta alheri ba ce. Wa za a cuta?”

“Gari za a taimaka,” in ji shi. “Ina babbar rigata?”

Bayan la'asar dattawa suka taru a ƙofar mai unguwa kamar kullum. Alhaji bai fito da wayar ba tukuna. Ya san ciniki: ba a buɗe buhu sai an gama maganar mudu. Ya fara da wahalar mata, ya kawo zancen jikarsa da ta dawo daga rafi da ƙaya a ƙafa, ya yi shiru har sai da kowa ya girgiza kai. Sannan ya ce akwai alamar za a gano tsohuwar rijiya, amma shi tsoronsa ɗaya, kada a gano ta a filin wani ya ce ba za a taɓa masa ba.

“Don haka mu ɗaure magana tun ba a san inda take ba,” ya ce. “Duk wanda ta faɗo a nasa, ya bar wa gari, sadaka. Ko gona ce, ko gini ne, ko itace ne. Kuma a buɗe hanya, mata su shiga su fita ba sallama. Ni na fara yarda.”

Mai unguwa ya ce magana ta yi kyau. Liman ya ce ladan ruwa ba ya yankewa. Malam Lawwali ya dubi taubashinsa ta ƙasan ido.

“Alhaji, tunda nike ban taɓa jin ka yarda da abu da sauri haka ba. Mi ke cikin aljihunka?”

“Tsoron Allah ne, Malam. Ka yarda ko mata su ji ka ƙi?”

Malam Lawwali ya yarda, don ba yadda zai yi. Aka shafa fatiha. Sai a sannan Alhaji ya zaro waya, ya miƙa ta hannu zuwa hannu, yana bayani da yatsa: ga dutse, ga arewa a sama, ga rijiya a gabas, daidai tsakiyar masarar wani bawan Allah. Dariya ta tashi. Malam Lawwali ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo, ya juya ta, ya mayar.

“Takin bana na riga na zuba shi,” ya ce a hankali.

“Allah ya karɓa,” in ji Alhaji. “Ruwan zai yi ɗan tsami, amma za mu sha haka nan.”

Kwanakin da suka biyo baya Alhaji ya ji daɗinsu. Kullum da safe sai ya bi ta gefen gonar da sandarsa, ya tsaya ya auna da ido, ya ce nan za a kafa gwafa, nan za a yi kwamin shanu. Ya sa wa wurin suna Rijiyar Lawwali. Malam Lawwali yana ji, yana cizon goro.

Ranar Asabar Lauratu ta iso da hantsi, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta gaida Hajiya, ta sha fura, ta ji labarin alkawarin da aka ɗaure. Ta ajiye ludayin.

“Baba, ban ce a jira ni ba?”

“Ɗiyata, taswira ce hwa. Ina karanta taswira tun ubanki na yawo ba wando.”

Ba ta ja da shi ba. Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta buɗe kwamfutar a kan turmi da aka kifa. Ta fara nuna masa hoton garin daga sama, wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauka da rani. Alhaji ya matso. Ya ga rufin kwanon masallaci, ya ga hanyar mota kamar zare, ya ga dutse kamar ƙwaryar da aka kifa. Duk ƙasar ja ce da fari-fari, sai ɗigo ɗaya kore shar a kudu da dutsen.

“Wannan fa?”

“Mangwaronka ne, Baba.”

Ya gyara zama. “To ka ji. Har daga sama an san ni. Ki bar shi a buɗe, a kira Lawwali ya gani.”

“Bari mu gama tukuna.”

Ta kawo tsohon zanen gefe guda. Ta yi masa bayani cewa ba a ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa da ka. Sai an nemi abubuwan da ba sa tashi, waɗanda ke cikin wannan suna cikin waccan, a soka musu alama ɗaya bayan ɗaya, sannan manhajar ta ja tsohuwar ta daidaita ta a kan sabuwar, kamar yadda ake ɗora faci a kan riga. Gida yana tashi, hanya tana kaucewa, kasuwa tana ƙaura. Dutse ba ya zuwa ko'ina. Ta soka alama a kan dutsen zane, ta soka a kan dutsen hoto.

“Saura mu sami wasu. Waɗannan ɗige-ɗigen na saman takarda, ka duba su?”

“Ƙudaje ne suka ɓata wurin.”

Ta buɗa zanen, ya yi girma har zaren takardar ya fito. Ɗige-ɗigen suka zama itatuwa masu kauri da gajerun rassa, a jere.

“Kukoki ne,” in ji Lauratu. “Baba, akwai kuka a arewa da dutse?”

Arewa da dutse fako ne, ko sabara ba ta cika fitowa ba. Kukokin garin nan kuwa, kowa ya san inda suke: a iyakar gonar Malam Lawwali, a gabas, inda mata ke zuwa ɗiban miya.

“Wataƙila an sare na arewan,” in ji Alhaji.

“Wataƙila. Bari mu ga masallaci.”

Ta ja zanen zuwa wani ɗan murabba'i kusa da dutse, ta ƙara buɗa shi. A jikin bangonsa na sama malamin ya fitar da ɗan ƙusumbi, ɗan lungun nan da liman ke tsayawa. Ya zana shi da kulawa, har da ɗan lanƙwasa. Ƙusumbin yana kallon saman takarda.

Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sallah ya san inda liman ke fuskanta. Alhaji ya ga abin a ransa kamar yana wurin: malamin hakimi zaune a kan buzu, ya fuskanci alƙibla kamar yadda ya saba zama in zai yi rubutu, allo a kan gwiwa, abin da ke gabansa ya sa shi a sama, abin da ke damansa ya sa shi a dama. Wa ya gaya masa wata ƙa'idar ofishin tasha? Mutumin da ya fuskanci gabas kuwa, damansa kudu ne.

Lauratu ta soka alama a kan kukoki, ta soka a gwiwar rafi da ta fito a ƙasan zanen, ta danna. Tsohuwar takardar ta juya a hankali a fuskar kwamfuta, kamar ana juya faifai, ta kwanta a kan hoton. Dutse ya hau dutse. Kukoki suka hau kukoki. Ta rage duhun zanen har hoton ƙasa ya riƙa leƙowa ta cikinsa. Ɗan da'irar nan ya bar gonar Malam Lawwali, ya zagayo kudu, ya zauna a gefen koren ɗigon.

Wani ganye ya faɗo a kan tabarma. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi itacen, ya dubi ƙasar da yake zaune a kai.

“Zanen hannu ne,” in ji Lauratu, “zai iya kaucewa kaɗan. Amma ba zai kauce har ya tsallaka dutse ba. Kuma Baba, itacen da ke kore shi kaɗai a cikin rani, wani abu yake sha.”

“Hannu ne,” ya ce, amma muryar ba ta fito da ƙarfi ba.

Ya yi tagumi. Can ya matso kusa, ya rage murya irin ta dillalai.

“Ɗiyata, wanga abu da ya juya, ba ya juyuwa baya?”

“Yana juyuwa. Sai dai liman ya koma kallon arewa.”

“Wa zai lura? Ƙusumbin ƙarami ne.”

“Baba Malam zai lura ranar da aka farfashe masa gona ba a sami ko laima ba. Sannan mata su ci gaba da zuwa rafi.”

“To ki ce na'urar ta lalace. Ki ce zafi ya yi mata yawa. Wa ya saya miki keke kina 'yar firamare?”

“Kai ne, Baba. Kai ne kuma ka ce min in an auna hatsi a gaban mutum, ba a sa yatsa a cikin mudu.”

“A kasuwa na ce. Nan gida ne.”

Daga bayan darni aka ji dariya. Hajiya Suwaiba ce, ashe tun ɗazu tana tsaye da tsintsiya.

“Ko gona ce, ko gini ne, ko itace ne,” ta ce, tana kwaikwayon muryarsa. “Wa ya sa ka ƙara itace, Alhaji? Malam Lawwali ko itacen kirki ba shi da shi. Daɗin baki ne ya ja ka.”

“Hajiya, ki bar ni da abin da ya dame ni.”

“Ni abin da ya dame ni, shekara nawa ina aika yara rafi, ashe a kan ruwa nake shanya. Ka tashi ka tahi ka faɗa da bakinka. In ka bari aka ji a bakin wani, har jikokinka sai an yi musu waƙa.”

Ta koma ciki. Alhaji ya tashi ya zagaya itacen, ya dafa gindinsa. Ya tuna gwangwanin manja, ya tuna yadda ya riƙa rufa masa tsumma a bayan mota don kada iska ta ƙona shi. In rijiyar na ƙarƙashin gindin, sai gatari. Ya kuma tuna fatihar da aka shafa, da yadda shi da kansa ya ce na fara yarda. A kasuwannin da ya ci, daga Faskari har bakin teku, ba a taɓa cewa Ɗanlahadi ya yi magana ya janye ba. An ce yana da wayo, an ce yana da baki, amma wannan ba a ce ba.

“Rufe abin nan ki biyo ni,” ya ce. “Amma ni zan yi magana. Ke ki riƙa danna abin da na ce ki danna.”

Da la'asar ƙofar mai unguwa ta cika, don an ji malamar taswira ta zo. Alhaji ya miƙe da babbar rigarsa. Ya ce shi tun farko hankalinsa bai kwanta da karatun farko ba. Wani ya yi tari. Ya ce mutanen da can ba irin na yanzu ba ne, komai nasu da alƙibla suke yin sa, har zane. Ya sa Lauratu ta nuna ƙusumbin masallaci, ya sa ta juya takardar a gaban kowa. Mutane suka yi cincirindo, suna ganin da'irar na tafiya har ta tsaya. Sannan aka fara duban Malam Lawwali.

Malam Lawwali bai yi dariya ba. Ya ciro goro ya ɓare, ya miƙa wa Alhaji rabi.

“Ci, taubashi. Makogwaronka ya bushe.” Ya juya ga Lauratu. “Ɗiyata, ƙara juya min shi. Ban gani da kyau ba.”

Ta mayar, ta sake juyawa.

“Ƙara dai. Idona ba shi da ƙarfi.”

A juyi na gaba mai unguwa da kansa ya kasa riƙe dariya, ya sa hannun riga ya rufe baki. Alhaji ya tsaya ƙyam yana taunar goro har aka lafa.

“Magana tana nan yadda aka ɗaure ta,” ya ce. “Gobe a kira Kamilu mai haƙar rijiya. Darnin ni zan cire da hannuna.”

Malam Lawwali ya dube shi, wannan karon ba ta ƙasan ido ba. “In ta kama a sare, ba za a sare ba sai an rasa dabara,” ya ce. “Wanga itace na gari ne, ko da tsaminsa.”

Washegari Kamilu ya zo da mutanensa da dogon ƙarfe. Lauratu ta riƙe waya tana tafiya a hankali har alamar da ke ciki ta hau kan da'irar, ta ja layi da ƙafa ta ce a nema daga nan zuwa gindin itace. Kamilu ya riƙa soka ƙarfen yana saurare. Ya soka nan, ƙasa ta amsa da tauri. Ya matsa, haka. Kowane matsi yana ƙara kusantar itacen, Alhaji kuma yana ƙara matse sandarsa. Sai a wani wuri, inda inuwar rassan yamma ke ƙarewa da hantsi, daidai inda Hajiya ke kafa turminta, ƙarfen ya shige ya buga wani abu da ya yi ƙara kamar ganga.

Aka sa diga da shebur. Kafin azahar baƙin itace ya bayyana, azarar giginya a jere, ta yi baƙi amma ba ta ruɓe ba. Da aka ɗaga ta farko, wani sanyi ya taso mai warin tsohuwar randa. Kamilu ya jefa tsakuwa. Aka saurara. Can ƙasa aka ji ta ce tsulum.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa.

Kamilu ya leƙa da tocila, ya ɗago yana murmushi. Wata saiwa mai kaurin cinya ta ratso bangon rijiyar ta gangara har cikin ruwa, ta baza gashi kamar gemu.

“Alhaji, ga hannun naka nan,” in ji Malam Lawwali. “Ashe dogo ne.”

Kamilu ya ce gindin ya tsira, amma saiwar nan sai an datse ta in ana son a ɗaure bango, kuma reshen da ya rufo bakin rijiyar sai ya sauka, don kada ganye ya riƙa zuba. Alhaji ya tambaya ko itacen zai rayu. Kamilu ya ce shi rijiya ya sani, amma itacen da ya sami hanya sau ɗaya zai sake nema. Alhaji ya juya baya lokacin da aka ɗaga gatari, ya ce zai je ya duba awaki.

An yashe rijiyar, an ɗaure ta da siminti, an kafa gwafa. Lauratu ta sa ta a taswirar bincikenta, ta buga babban hoton da zanen malamin hakimi ke kwance a kan garin yau, aka manna a zauren mai unguwa, gabas a inda gabas take. Itacen ya zubar da ganye a gefe guda, ya yi kamar zai yi fushi, sannan da bazara ya sake toho. Ruwan da ke zuba daga guga da jarkoki duk gindinsa yake gangarawa.

Abin da bai dawo ba shi ne darni. Yanzu tun da safe bayan gidan Alhaji cike yake da mata da yara da jakuna, kuma ba a taɓa yin yaron da zai tsaya jiran layi a ƙarƙashin nunannen mangwaro hannunsa na aljihu ba. Alhaji ya kawo kujera ya kafa a gindin, da sanda a kan cinya, wai gadi. Sandar ba ta taɓa sauka a kan kowa ba. In baƙo ya sauka daga motar Ƙanƙara ya tambayi rijiyar, nan ake kawo shi, Alhaji ya ba shi labari tun daga agana, ya kai shi zaure ya nuna masa ƙusumbin masallaci, ya bayyana masa yadda mutanen da can suke zane. A labarin nasa, shi ya fara lura da ƙusumbin.

Malam Lawwali kuwa kullum sai ya zo da butarsa, ko da randar gidansa cike take. Ya ja ruwa, ya miƙa hannu ya tsinki wanda ya fi nuna ba tare da ya tambayi kowa ba, ya zauna a gefen kujerar ya sha, ya tsotse ƙwallon tas.

“Yaya?” in ji Alhaji, bai dube shi ba.

Malam Lawwali ya lashe yatsa, ya yi kamar yana tunani.

“Tunda ya zama na gari, tsamin ya ragu.”